Neman kalma: me za mu kira "per capita" na ikkilisiyar Presbyterian?

'Yan'uwa masu aikin fassara, salama. Shekaranjiya na kawo muku wata kalma da ta tsaya mini a wuya, ga inda na tsaya bayan na karanta shawarwarinku.

Ina fassara wani bayani ne kan yadda ikkilisiyar Presbyterian ta Amurka, mai hedikwata a Louisville ta jihar Kentucky, take tara kuɗi. Tsarinsu hawa-hawa ne. Dattawa ke riƙe da kowace ikkilisiya, ikkilisiyoyin yanki guda su haɗu su zama majalisar gunduma, gundumomi su haɗu a ƙarƙashin majalisun shiyya 16, a can sama kuma akwai Babban Taro. Kowane hawa na sama da ikkilisiya yana yanka wani abu a kan kowane mamba a shekara. Sai a ƙirga sunayen da ke cikin rajistar ikkilisiya, a ninka, a aika mata da jimillar. Wannan shi suke kira per capita, kalmar Latin ce, wato bisa kowane kai.

Da farko "haraji" na rubuta. Da na karanta wa wani dattijo a majami'armu, sai ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, wa ya taɓa ɗora wa gidan Ubangiji haraji?" Gaskiyarsa. Haraji yana tafe da ƙamshin tilas da ɗan sanda. Su kuwa a can, dattawan ikkilisiya ne ke da ikon cewa ga inda baikon jama'arsu zai tafi. Idan wata ta kasa biya, nauyin kan gunduma yake komawa. Wanda ya kawo "jangali" ma, Malam, na gode, amma ciwonsu ɗaya da haraji, ga shi kuma shanu ake ƙirgawa.

"Zakka" ba ta shiga ba. Ita daga abin da mutum ya samu ake fitar da ita, wannan kuwa yawan kawuna ake dubawa, ba nauyin aljihu ba.

"Baiko" ne ya fi ɗaukar mini lokaci, domin da yawanku shi kuka zaɓa. Matsalar ita ce suna da baikonsu daban, kuma in muka haɗa su a kalma ɗaya mai karatu zai rikice. Akwai wanda suke tarawa a lokacin azumi zuwa Ista, One Great Hour of Sharing, tun 1949 ake yin sa. Kashi uku yake rabuwa: yaƙi da yunwa, tallafa wa talakawa su tsaya da ƙafafunsu, da sashen agajin bala'i. Da guguwar Katrina ta yi ɓarna a 2005, wannan sashen ne ya kafa sansanonin masu aikin sa kai a gaɓar tekun kudancin Amurka, aka yi shekaru ana gyaran gidaje. Wannan shi ne baiko na gaskiya, kowa ya sa abin da zuciyarsa ta ba shi.

Per capita kuwa ba ya sayen bargo ko buhun abinci. Shi ke biyan kuɗin taruka, da ofishin magatakarda, da kwamitocin da ke tantance masu neman zama fasto, da sasanta rikici idan ya tashi. Na san wani zai ce ai wannan kuɗin takarda ne kawai. Ban yarda ba. Ranar da ambaliya ta cinye gari, ofishin gunduma ne ya san wace majami'a ce ruwa ya shiga, wane fasto ne ya kwana a waje, kuma ta hannunta tallafin gaggawa yakan bi ya isa wurin mutane. Baiko ruwa ne, wannan kuɗin shi ke haƙa masa magudana.

Wata 'yar'uwa ta kawo "kuɗin zumunta", kuma ma'anar ta yi mini daɗi ƙwarai. Sai dai Mama, duk wanda ya tashi a ikkilisiyoyinmu na arewa zai ɗauka kuɗin Zumuntar Mata ake nufi.

Saboda haka na tsaya a kan "karo-karon ikkilisiyoyi". Karo-karo kowa ya san shi: an yanka wa kowa kasonsa, ana yi ne don abin da ya shafi duka, kuma kunyar idon 'yan'uwa ce ke sa a biya, ba tsoron hukuma ba. Na ce "ikkilisiyoyi" domin ikkilisiya ce ke biya daga asusunta, ba a bin mutum gida da rasit. A ambato na farko zan ƙara "bisa yawan mambobi", daga nan sai in ci gaba da karo-karo kawai.

Haka zan sa a fassarar da zan miƙa ranar Litinin. Wanda yake da gyara ya faɗa kafin Lahadi da yamma.