Orioles ɗina sun ɓace, in sauke kayan ko in bari?

Maman Hanif (Raleigh, North Carolina a Amurka): Salam jama'a. Don Allah masu ajiye wa tsuntsaye abinci, orioles ɗin nan (Baltimore oriole, tsuntsaye masu launin lemu da baƙi) da suka yi hunturu a bayan gidanmu tun Disamba sun daina zuwa, namijin ne ya fara ɓacewa yanzu macen ma shiru. Lemu sai bushewa yake a kan ƙusa. In sauke kayan ne ko in ci gaba da zubawa?

Baban Zara (Greensboro): Lokacinsu ne Hajiya. Afrilu na shigowa suke yin arewa su je su yi sheƙa, kamar shamuwa dai a gida, in lokacinta ya yi ba mai riƙe ta.

Anti Bilki (Baltimore): Kar ki sauke tukuna. Naki sun tafi amma waɗanda suka yi hunturu a Amurka ta Tsakiya da Kolombiya suna hanya, da dare suke tafiya su sauko da safe da yunwa. Mu nan sai ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu muke ganinsu. Ki bar rabin lemu zuwa tsakiyar Mayu

Malam Idi (Columbia, South Carolina): Lemu kam ki bari, amma jam ɗin inabin nan ki yi hankali da shi yanzu da zafi ya fara. Ni bara garin son a ce na iya, na samu wani kwano mai zurfi na cika shi taf saboda zan yi tafiya, rana ta buga shi ya narke ya zama ruwa ruwa, ina dawowa na tarar da wani ɗan ƙaramin tsuntsu ya faɗa ciki fukafukansa duk sun manne ya kasa tashi, yarana suna ta kuka. Na kai shi wajen masu jinyar namun daji, matar da ta karɓe shi ta wanke ni tas. Ga rina da ƙudan zuma sun mamaye barandar, maƙwabcina har ƙorafi ya kai wa masu kula da unguwa. Tun daga nan cokali ɗaya nake sawa a murfin kwalba, in ya kwana in zubar in wanke. Kuma kar a sayi wanda aka rubuta babu sukari, zaƙin ƙarya ne, ba abin da zai ƙare su da shi.

Ɗan Maradi: wai kuɗi kuke sawa ku sayi jam don tsuntsu?? mu da danƙo muka san shi 😂

Anti Bilki: Gwada danƙon a nan ka gani. Akwai dokar kare tsuntsaye masu ƙaura tun 1918, kuma shi ne tsuntsun jihar Maryland, sai mu kawo maka ziyara

Ɗan Maradi: Anti na tuba

Ummu Sadiq: Ni tambayata jam ɗin ba gelatin a ciki? kar in ajiye abin alade a firjina

Malam Idi: Yawanci pectin ne, daga 'ya'yan itace ake samunsa. Ki dai duba bayan kwalbar.

Baban Zara: Masu ruwan sukari fa, kofi ɗaya na sukari a kofi 6 na ruwa, ba zuma ba kala, a canja duk kwana biyu in ana zafi.

Anti Bilki: 4 ne ba 6 ba Alhaji

Baban Zara: 4 na hummingbird ne, ɗan mitsitsin tsuntsun nan mai shan zaƙin fure, Hajiya Bilki, ki bincika

Anti Bilki: Ni da 4 nake yi kuma ba wanda ya taɓa kawo ƙara

Malam Idi: In sun fara ciyar da 'ya'ya ma ƙwari da tsutsa suka fi nema, zaƙin sai su rage. Maman Hanif kin sa su a eBird, manhajar da ake rubuta tsuntsayen da aka gani, kuwa? Waɗanda ke tsayawa hunturu a Carolina ana son sanin adadinsu, mu nan jihar har ƙirga su take yi duk Fabrairu.

Maman Hanif: Ban iya ba wlh Malam, sai Hanif ya dawo makaranta ya nuna min. To kurege fa? ya cinye lemun da na sa ɗazu har ɓawon

Ɗan Maradi: shi ma doka ta kare shi ko in zo?