Tsohon bahon wanka na ƙarfen zubi: a fasa shi ko a fitar da shi sukutum?

Maigida77:
Assalamu alaikum. Ana gyaran banɗaki, za a cire tsohon bahon wanka a yi shawa a wurin. Bahon na ƙarfe ne, tsawonsa mita 1.5, faɗinsa santimita 75, an zaunar da shi tsakanin bango uku, tayil ya sauko har bakinsa. Banɗakin a bene yake, faɗin ƙofar kuma santimita 70. Mutum biyu sun gwada ɗaga gefe guda, ko gezau bai yi ba. Wani ya ce a sa guduma, wani ya ce giranda. Masana, wanne ne daidai, kuma ta ina ake farawa?

Mai_Famfo:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin maganar guduma, ka tabbatar da irin ƙarfen. Maganaɗisu yana kama ƙarfen zubi (wanda ake narkawa a zuba a mazubi), yana kuma kama falan ƙarfe na yau da kullum (siririn fallen ƙarfe), don haka shi kaɗai bai isa ba. Ƙwanƙwasa gefen bahon da bayan spana. In ya yi ƙara siririya kamar gwangwani, falan ƙarfe ne, nauyinsa ba zai wuce kilo 30 zuwa 40 ba, kuma guduma ba ta fasa shi, lanƙwasa shi kawai take yi. In sautin ya fito mai kauri ya mutu nan take, zubi ne, kuma mai wannan girman yakan kai kilo 110 zuwa 180.

Ko wanne ne, a fara raba shi da bututu. Rufe ruwa daga babban makulli, ka buɗe famfon ya tsiyaye. Kwance murfin ramin ambaliya da ke saman bahon, yawanci sukuru ɗaya ne ko biyu. Sai bakin magudana na ƙasa: zura hannayen filaya cikin giciyen da ke ramin, ka sa sukudireba tsakaninsu ka murɗa ta hagu. Da ya fita, cusa tsumma a bakin bututun, don kada ɓaraguzai su faɗa ciki, warin masai kuma kada ya taso.

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, shi ne kuma yake jawo asara. Duk bugun da aka yi wa baho yana haɗe da bututu, girgizar tana bin bututun har cikin bango, ta tsaga mahaɗa a inda ido ba ya gani. Ba za a sani ba sai ruwa ya fara ɗiga daga silin ƙasa.

Leƙa ƙarƙashi kuma. In ka ga waya a ɗaure jikin bahon ko bututun, yawanci kore da ruwan ɗorawa, ta kariya daga jan wuta ce. Kada a datse ta, a kira mai lantarki.

TsohonMagini:
Abin da Mai_Famfo ya faɗa haka yake. Ni dai a wannan yanayin fasawa nake gani. Ko an tayar da shi a gefe ya wuce ƙofar, sauko da kilo 150 ta matattakala ba wasa ba ne: in ya kuɓuce, babu mai tare shi. Ana wahalar fitar da baho sukutum ne in irin mai ƙafafu huɗu ne da ke tsaye shi kaɗai, don wannan yana da masu so, ƙafafun ma da noti aka ɗaure su, ana iya kwance su. Wanda aka gina cikin bango da wuya ya biya wahalarsa.

A yanke gam ɗin da ke zagaye da baki da wuƙa, a cire layin tayil na farko, kamar santimita 15 zuwa 20, don leɓen bahon yana shiga ƙarƙashinsa. A fitar da madubi. Masai da wajen wanke hannu a kare su da katako, daɓen kuma a shimfiɗa masa filawud mai kaurin milimita 12 ko fiye.

Gudumar ta zama mai kilo 4 zuwa 5. A rufe bahon da tsohon bargo mai kauri, a buga ta samansa. Dalili: farin rufin nan mai sheƙi ba fenti ba ne, gilashi ne aka narka a jikin ƙarfen, kuma yana tashi siri-siri da kaifin reza. Tabarau mai rufe gefe, safar hannu ta fata, riga mai dogon hannu, takalmi rufaffe, abin toshe kunne, duk dole ne. Ƙarar a cikin ƙaramin ɗaki ba a magana.

Fara daga tsakiyar gefen da ke fuskantarka, kusa da baki, kana bugun wuri ɗaya. Bugun farko da na biyu za ka ga kamar ba abin da ya faru, daga nan sai ya tsage. Ƙarfen zubi yana da sinadarin kabon da yawa, kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, shi ya sa ba ya lanƙwasa, fashewa yake kamar tukunyar ƙasa. Bi tsagar ka ratsa ƙasan bahon har ɗaya gefen, ya rabu biyu, sannan kowane rabi a ƙara raba shi. Gefen magudana a bar shi ƙarshe. Kowane gutsure ya zama wanda mutum ɗaya zai ɗauka ba tare da nishi ba, kilo 20 zuwa 25. Ƙananan a zuba a bokiti, buhu yagewa zai yi.

Injiniya_S:
Baba, ina da ɗan ja a kan abu ɗaya. Tunda a bene ne, bugun ƙasan baho kai tsaye zuwa ƙasa yana iya tsaga filastar silin da ke ƙarƙashi, musamman in daɓen na katako ne. Gara a ɗan ɗaga bahon da dogon ƙarfe a cusa guntayen katako a ƙarƙashi, a kuma riƙa bugu ta gefe. Za a iya fara tsaga layi da giranda, zurfin milimita 2 zuwa 3, sai guduma ta bi layin da ƙaramin ƙarfi.

Amma yanke shi gaba ɗaya da giranda, a'a. Yana cin faifai, tartsatsin yana ƙona tayil da gilashin taga ya bar ɗigo-ɗigon da ba sa fita, ƙurar kuma ita ce babbar matsala: rufin wasu tsofaffin bahuna yana ɗauke da dalma. Takunkumin ƙyalle ba ya tare ta, sai mai matattara. A rufe ƙofa, a buɗe taga, yara da masu ciki su yi nesa, a goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.

Maigida77:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. An gwada, zubi ne. Sai dai bakin magudanar ya ci tsatsa, giciyen ma ya karye da aka murɗa.

Mai_Famfo:
Yakan faru. Kada a tilasta. Sa ruwan zarton ƙarfe cikin ramin ka yanka zoben bakin magudanar daga ciki a wuri biyu, sannan ka sa cizal ka buga shi zuwa tsakiya, zai naɗe ya fita. In ana iya kaiwa ga ƙarƙashi, ya fi sauƙi a yanke bututun a saman lanƙwasar nan mai riƙe ruwa, a bar isasshen tsawo don sabon haɗi.

Bayan bahon ya fita, kada a yi gaggawar zuba siminti. Duba daɓen kusa da magudana da gindin bango. In katako ne, soka sukudireba, duk inda ta nutse ya ruɓe, a canza shi. Bututun baho yawanci milimita 40 ne, shawa kuwa a wurare da dama ana son 50, kuma ramin ba lallai ya faɗo wuri ɗaya da na da ba. A auna wannan tun kafin a sayi kayan shawar. Gutsattsarin kuma a tara su wuri guda, masu sayen tsohon ƙarfe suna karɓa a kan awo.