Shin Meziko ƙasa ce da ta gaza, ko kuwa gwamnatinta aka saye?

Ɗan Kantin Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman masu ilimi a cikinmu su raba wata gardama da ta kaure tsakanina da wani abokin kasuwancina, wadda har muka rufe shago ba mu ga ƙarshenta ba. Asalin maganar shi ne abin da ya faru a birnin Kuliyakan na ƙasar Meziko ranar 17 ga Oktoba 2019, lokacin da jami'an tsaro suka kama Ovidio Guzmán, ɗan fitaccen dillalin miyagun ƙwayoyin nan da ake kira El Chapo. Kafin a fita da shi daga gidan, yaransa sun bazu cikin gari a kan motoci ɗauke da manyan bindigogi, suka tare hanyoyi, suka cinna wa motocin mutane wuta, har fursunoni suka samu damar tserewa daga gidan yari. Bayan 'yan awoyi gwamnati ta sake shi, kuma shugaban ƙasar na lokacin, López Obrador, ya fito ya kare wannan mataki da hujjar cewa rayukan jama'a sun fi kama mai laifi ɗaya muhimmanci.

Abokin nawa ya ce duk ƙasar da ɓarayi za su ƙwace ɗan'uwansu daga hannun soja da rana tsaka, an gama da ita, sunanta ƙasar da ta gaza, musamman idan aka haɗa da cin hanci da rashawa da kuma talaucin da ke korar mutanenta zuwa Amurka. Ni kuwa na kasa amincewa, domin ina ganin ƙasar da ke ƙera motoci tana sayar wa duniya, take kuma gudanar da zaɓe a kan lokaci, bai kamata a jera ta da Somaliya ba. To, ina gaskiyar take? Shin rashawa da talauci da safarar ƙwayoyi sun isa a ce ƙasa ta gaza, ko akwai wani ma'auni dabam?

Malamin Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kai ne ka fi kusa da gaskiya, amma ba don motocin da ake ƙerawa ba. Masana harkar mulki, tun daga Bajamushen nan Max Weber, sun ɗauki hukuma a matsayin wadda ita kaɗai ke da halaccin amfani da ƙarfi a cikin iyakokinta. Idan aka bi wannan ma'auni, ana cewa ƙasa ta gaza ne a ranar da babu sauran wata hukuma guda da ke karɓar haraji, take yanke hukunci, take biyan albashi, take kuma iya aika jami'inta ko'ina ya je ya dawo. Wannan shi ne abin da ya sami Somaliya bayan faɗuwar shugaba Siad Barre a Janairun 1991: babu kotu, babu baitulmali, babu sojan ƙasa, kowane madugun yaƙi da unguwarsa da shingensa, kuma sai a 2012 aka sake kafa gwamnatin tarayya ta dindindin. Kusan haka ya faru a Haiti bayan kashe shugaba Jovenel Moïse a Yulin 2021, inda a Maris 2024 'yan daba suka fasa gidajen yari, suka hana jirage sauka, har firaminista Ariel Henry, wanda ya tafi Kenya neman taimakon 'yan sanda, ya kasa komawa ƙasarsa, ya yi murabus yana waje.

Meziko ba ta kai nan ba, ba ta ma kusa ba. Ƙasa ce mai mutum miliyan 126 a ƙidayar 2020, wadda a shekarar 2000 ta kayar da jam'iyyar PRI a akwatin zaɓe bayan ta shafe shekara 71 tana mulki, a 2024 kuma ta zaɓi Claudia Sheinbaum, mace ta farko da ta hau kujerar shugabancinta. Labarin Kuliyakan ma abokinka ya tsaya a rabinsa ne, domin a Janairun 2023 sojoji sun koma sun kama Ovidio, duk da cewa an rasa rayuka kusan 30, kuma a Satumbar wannan shekarar aka miƙa shi ga Amurka. Hukumar da ta ruguje ba ta da ƙarfin komawa karo na biyu.

Abin da na fi so a lura da shi kuwa shi ne, dillalin ƙwaya ba ya son hukuma ta mutu. Yana buƙatar tashar jirgin ruwa mai aiki, da titi mai kwalta, da bankin da zai wanke masa kuɗi, da jami'in kwastan wanda sa hannunsa ke da daraja, domin sa hannun jami'in da ba shi da iko ba ya da farashi. Kaska ba ta da riba idan saniya ta mutu. Dubi Genaro García Luna, wanda ya riƙe ma'aikatar tsaron al'umma daga 2006 zuwa 2012, wato shi ne jagoran yaƙin da shugaba Felipe Calderón ya ƙaddamar a kan 'yan ƙwaya. A Fabrairun 2023 wata kotu a New York ta same shi da laifin karɓar cin hanci daga ƙungiyar 'yan ƙwaya ta Sinaloa, daga bisani aka yanke masa ɗaurin shekara 38. Ba a saye shi ba sai don ofishinsa yana da ƙarfi. Haka kuma ramin nan mai tsawon kilomita ɗaya da rabi da El Chapo ya bi ya tsere daga kurkukun Altiplano a Yulin 2015, ramin da ya ɓulla daidai ƙarƙashin wurin wankansa, ba a haƙa shi don babu masu gadi ba. Da ɗan gari akan ci gari. Saboda haka ni a wurina sunan cutar Meziko shi ne hukumar da aka kutsa cikinta aka saye wani sashe nata, kuma maganinta ya sha bamban da na ƙasar da za a fara gina ta daga tushe.

Baƙon Damagaram ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina ganin misalin kaska da saniya yana aiki ne idan saniyar babba ce. Mu duba nan kusa da mu, Gini Bisau, ƙasa mai mutum kusan miliyan 2, wadda kusan duk abin da take fitarwa waje ɗanyen kashu ne, har manomi yakan yi musayar buhun kashu da buhun shinkafa. Tun wajen 2005 masu safarar hodar iblis daga Kudancin Amurka suka gano tsibiran Bijagos, su 88, mafi yawansu babu kowa a kai, ga kuma hukumar da ba ta da jiragen sintiri kuma ba ta biyan albashi a kan kari, sai suka mayar da ƙasar zangon hutawa a kan hanyar Turai. A 2006 'yan sanda sun kama fiye da kilo 600 na hodar, aka kai ta baitulmali don ajiya, ta yi ɓatan dabo. A Maris 2009 bam ya kashe hafsan hafsoshin soja Tagme Na Waie, bayan 'yan awoyi kuma sojoji suka kashe shugaba Nino Vieira a gidansa. A Afrilun 2013 jami'an Amurka suka yaudari tsohon shugaban sojan ruwa Bubo Na Tchuto zuwa cikin teku da sunan ciniki, suka kama shi, suka kai shi New York inda ya amsa laifi.

Bambancin da nake nufi shi ne na nauyi. Kuɗin ƙwaya komai yawansa ƙaramin abu ne idan aka auna shi da tattalin arzikin Meziko, amma a Bisau lodi ɗaya yana iya fin abin da wata ma'aikata ke kashewa a shekara. A nan ne talauci ke shigowa, kuma ba talaucin talaka nake nufi ba, talaucin hukuma. Talaucin jama'a shi kaɗai ba ya rusa ƙasa, ga Malawi nan, fatara ta yi mata katutu amma ba ta taɓa yaƙin basasa ba, har kotunta ta soke zaɓen shugaban ƙasa a 2020 kuma kowa ya bi hukuncin. Amma idan ɗan sanda ya yi wata uku bai ga albashi ba, kuma wani ya ajiye masa abin da ya fi albashin shekara goma don ya kau da kai na minti biyar, to bango ya riga ya tsage, ƙadangare kuwa ba sai an gayyace shi ba. Mu ma a Nijar hanyar ta ratsa ta cikinmu, domin a Janairun 2022 an kama fiye da kilo 200 na hodar iblis a cikin motar wani magajin gari a jihar Agadas. Duk da haka ko Gini Bisau ban ce ta zama Somaliya ba, tunda ba a raba babban birninta tsakanin madugai ba, kuma a 2019 'yan sandanta sun kama kusan tan 2 a samame ɗaya. Na dai ce sayen ƙaramar hukuma yana iya kaiwa ga shugabanta, ba wani sashe kaɗai ba.

Uwar Marayu ta amsa:

Malam da ɗan'uwana na Damagaram, na karanta bayananku da natsuwa, kuma ban musa ko ɗaya daga cikin hujjojinku ba, amma duk kun tsaya ne a babban birni kuna auna ƙasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Meziko sunayen mutanen da suka ɓace a rajistar gwamnati sun haura 100,000 tun 2022, kuma iyaye mata ne ke fita daji da shebur da doguwar sandar ƙarfe, su soka ta a ƙasa, su zaro su shinshina bakinta, ko za su ji warin gawa su san inda za su tona. A Satumbar 2014 'yan sandan garin Iguwala ne da kansu suka kama ɗalibai 43 na kwalejin horon malamai ta Ayotzinapa suka miƙa su ga 'yan ƙwaya. Wace amsa za a ba uwar ɗaya daga cikinsu idan ta tambaya ko ƙasarta ta gaza? A gaya mata ana ƙera motoci a Puebla?

Ma'aunin da Malam ya kawo na haraji da hukunci da bindiga ma'auni ne mai kyau, roƙona kawai a riƙa aza shi gunduma-gunduma. A jihar Michoacán manoman lemun tsami da na fiya suna biyan 'yan ƙwaya kuɗi a kan kowane kilo, kuma da abin ya ishe su a 2013 suka ɗauki makamai suka kafa ƙungiyoyin sa-kai, waɗanda wasunsu daga baya suka rikiɗe suka zama irin abin da suka tashi yaƙa. Wannan labari ba baƙo ba ne a kunnena. Kawuna manomi ne a wani ƙauye a yammacin Zamfara, kuma a kakar da ta wuce sai da mai gari ya bi gida-gida da littafi yana rubuta abin da kowane magidanci zai bayar, aka haɗa kuɗin a cikin buhun taki aka kai daji, kafin aka bar su suka yanke dawarsu. Da rikici ya tashi tsakanin wasu mutum biyu a kan iyakar gona, wurin masu dajin aka kai ƙara, domin su ne hukuncinsu ke zartuwa a ranar. Kawuna yana da katin zaɓe, yana da lambar ɗan ƙasa, yana jin labarin kasafin kuɗi a rediyo, amma haraji da shari'a da bindiga duk suna hannun wasu. Ban ce Najeriya ta gaza ba, kamar yadda ban ce Meziko ta gaza ba. Na ce a ƙauyen kawuna babu ita.

Malamin Tarihi ya sake amsawa:

Hajiya, Allah ya kawo wa su kawu sauƙi. Na karɓi gyaranki, kuma masu auna waɗannan abubuwa ma sun rage amfani da kalmar, domin cibiyar Fund for Peace da ta fara fitar da jadawalin ƙasashen da suka gaza a 2005 ta sauya masa suna a 2014 zuwa jadawalin ƙasashe masu rauni, saboda abin hawa-hawa ne, kuma ƙasa ɗaya tana iya zama da ƙarfi a nan, babu ita a can. Dalilin da ya sa nake ƙyamar a yi wa ƙasa gaba ɗaya wannan laƙabi shi ne abin da ke biyo bayansa. Da zarar an ce ƙasa ta gaza, na waje yakan samu hujjar shigowa da sojansa, na cikin gida kuma yakan samu hujjar naɗe hannu, alhali uwar ɗalibin Iguwala tana da wanda za ta riƙe, tunda akwai hukumar da ta ɗauki waɗannan 'yan sanda aiki take biyansu. Kolombiya ta shiga halin da ya fi na Kuliyakan muni: an harbe ɗan takarar shugaban ƙasa Luis Carlos Galán a dandalin yaƙin neman zaɓe a 1989, kuma a 1991 babban dillalin ƙwaya Pablo Escobar ya shiga kurkukun da aka gina bisa sharuɗɗansa, da masu gadin da ya amince da su. Daga baya ya tsere, a Disambar 1993 aka kashe shi a kan rufin wani gida a Medellín, kuma birnin da ake tsoron ambatonsa a wancan lokaci yau baƙi ke zuwa yawon buɗe ido, ko da yake hodar ba ta daina fita daga ƙasar ba.

Ɗan Kantin Kwari ya rufe:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na karanta wa abokin nawa duka amsoshin yau da safe kafin masu sayayya su fara shigowa. Ya yarda cewa Meziko ba Somaliya ba ce, amma ya ce maganar Hajiya ita ce tasa tun farko, kalmar ce kawai ya rasa. Yanzu gardamar ta koma kan gundumomi nawa ne za su fita daga hannun hukuma kafin a ce ƙasar kanta ta tafi, shi ya ce kashi ɗaya cikin uku ya isa, ni kuwa na ce sai an duba ko babban birni da tashoshin ruwa suna ciki.