Dok ɗin rikoda ya daina karanta SSD, ta ina zan kwashe bidiyon?

Mai Kyamara:
Assalamu alaikum. Rikodata irin wadda ake ɗaurawa a kan kyamara ce, tana ɗauka a kan faifan ajiya na SSD mai inci 2.5 da ke cikin kwanson roba. Dok ɗin da nake zura kwanson in jona da laftof ne ya ƙi. Fitilarsa tana kamawa, Windows ta yi ƙarar an jona abu, bayan daƙiƙa kaɗan ta sake yin ƙarar an cire. In na mayar da faifan cikin rikoda, komai yana nan kuma yana kunnuwa. Aikin biki ne, kusan GB 300, a tsarin bidiyo na ProRes 422 HQ a 1080p25, masu shi kuma sun matsa. Dok ne ya mutu ko faifan?

Injiniya:
Wa'alaikumus salam. Tunda rikoda tana kunna shi, faifanka lafiya lau, Malam. Wannan shiga da fitar yawanci ƙarancin wuta ne. Kafar USB 2.0 milliamp 500 take bayarwa, ta USB 3.0 kuma 900, alhali in ka duba takardar da ke manne a bayan SSD sau da yawa za ka ga an rubuta 5V da amp 1 ko fiye. Shi ya sa wasu dok ke zuwa da waya mai kai biyu. In irinta ce taka, jona duka kawunan, kowanne a kafarsa, kai tsaye a jikin laftof ba ta hob mai raba kafar USB ba, laftof ɗin kuma yana kan caji.

Sai waya. In bakin dok ɗin irin faffaɗan nan ne mai kamar baki biyu a haɗe, wato Micro-B na USB 3.0, ya yi ƙaurin suna wajen kwancewa daga allon ciki. Samo wayar cajin tsohuwar Android wadda ke tura fayil, ka soka ta a ɓangaren da ya fi faɗi. Za ta shiga, faifan zai tashi da gudun USB 2.0. In ya tsaya daram a haka, layukan USB 3.0 ne suka lalace, a waya ko a bakin dok. Sai dai gudun bai wuce MB 35 zuwa 40 a daƙiƙa, GB 300 zai ci sama da awa 2.

Baban Hanifa:
Ni ba zan ɓata lokaci a kan dok ba. Babu komai a cikinsa sai ƙaramin allo mai juya SATA, wato bakin jona faifai, zuwa USB, kuma abin da ke cikin kwanson SSD ne na gama-gari mai bakin SATA, fil 7 na bayanai, 15 na wuta. Je wurin masu kayan kwamfuta ka ce a ba ka adaftar SATA zuwa USB 3.0 ta faifan laftof, ka zaɓi mai UASP, tsarin da ke ƙara saurin kwafa, in akwai. Faifan inci 2.5 volt 5 kaɗai yake buƙata, ba sai ka sayi mai caja ta 12V ba, waccan ta babban faifan destof ce.

Wasu adaftocin suna shiga ba tare da an buɗe kwanson ba, wasu robarsu ta yi kauri, su tsaya rabi. Kada ka danna da ƙarfi, bakin SATA roba ce siririya, in ta karye aiki ya koma wurin mai gyara. Kwance ƙananan kusoshin da sukundireba mai kan kuros, yawanci 4 ne, ka zare faifan. In da destof kusa ma ya fi: kashe ta gaba ɗaya, jona wayar SATA da ta wuta, sannan ka kunna. Adafta mai kyau tana kai MB 400 a daƙiƙa, amma in faifai mai juyawa kake kwafa wa, shi zai ja ka baya zuwa 100 da 'yan kai, ka ƙiyasta minti 45 zuwa 50.

Mai Kyamara:
Na gode. Canjin waya bai yi ba. Da adafta ya daina katsewa, amma bai fito a cikin This PC ba.

Yaya Edita:
To ƙanena, nan ne ake yin ɓarnar, ka bi a hankali. Danna maɓallin Windows da R, rubuta diskmgmt.msc. In faifan ya fito da girmansa daidai an rubuta exFAT, wato tsarin fayilolinsa, harafin faifai irin su D ko E kawai ya rasa: danna dama a kansa, zaɓi Change Drive Letter and Paths, ba shi harafi. In kuwa ya nuna RAW, wato Windows ba ta gane tsarin fayilolinsa ba, ko Windows ta nemi ka yi Format ko Initialize, soke nan take. A SSD, abin da fomatin ya share ba lallai ya dawo ba. Kada ka yi chkdsk, umarnin Windows na gyaran faifai, ma tukuna, domin rubutu yake yi a kan faifan. Mayar da shi cikin rikoda, bar ta ta karanta, kashe ta ta maɓallinta, sannan ka sake jonawa. Zare faifai rikoda tana kunne shi ke yawan jawo wannan.

Wurin kwafa, faifan da za ka zuba wa ya zama NTFS ko exFAT. FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai GB 4, wannan ProRes ɗin kuwa yana cin kusan GB 83 a awa, wato cikin minti 3 ya cika ma'aunin. Yi amfani da Clone Tool na DaVinci Resolve, ko TeraCopy ka kunna tantancewa, su gwada kwafin da na asali. Kwafi 2 a faifai daban-daban kafin ka taɓa na rikoda.

Injiniya:
Wani zai ce ka kunna bidiyon a rikoda ka kama shi ta HDMI da katin kamawa. Yana yiwuwa, amma ajiye shi sai komai ya ƙi. Bidiyonka ya haura awa 3 da rabi, haka za ka zauna yana tafiya, kuma ƙananan katunan USB masu araha matse hoto suke zuwa MJPEG mai bit 8, naka kuwa bit 10 ne, lambar lokaci da sunayen fayil duk su tafi. In dole ta sa, rikoda ta kasance a kan batir mai cikakken caji, don in aka ɗauke wuta a tsakiya, sai ka koma farkon wannan fayil ɗin.