Ciwon cikin da muka raɗa wa suna da kanmu: kowa ya kawo nasa labarin

Ɗan Rigasa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ina cewa olsa gare ni, alhali ba likitan da ya taɓa gaya mini. Maƙwabcina ne ya ce shi ma haka nasa yake yi, shi ke nan na riƙe. Omeprazole, maganin olsar nan, ya zama kamar goro a aljihuna. Ga aikina na lodin kaya, kullum da dare sai na biya kemis na karɓi diclofenac saboda ciwon baya. Ran da na ga bayan gida ya fito baƙi ƙirin kamar kwalta, cewa na yi zobon da na sha ne. Washegari jiri ya kayar da ni a ƙofar masallaci. Sai da aka ƙara mini jini leda biyu. Likita ya ce gyambon na nan da gaske, amma maganin ciwon bayan ne ke cinye bangon cikin, baƙin nan kuma jini ne. Ko akwai wanda irin haka ta same shi?

Uwargida daga Kawo:
Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi ɗan'uwa. Ni tawa ma ba olsar ba ce sam. Duk ran da na ci abu mai maiƙo sai ƙasan haƙarƙarina na dama ya murɗa, ciwon ya haura har kafaɗa. Na jiƙa kanwa na sha, na sha madara, na daina yaji har miyar gidana ta zama lami, maigida yana ta mita. Bayan Babbar Sallah, da na ci soyayyen nama, idona ya yi ɗorawa. Surukata ta ce shawara ce, aka kawo jiƙe-jiƙe. Hoton ciki ne ya nuna duwatsu a matsarmama, ɗaya ya toshe hanya.

Tela, Kasuwar Barci:
Yarona ne, ɗan shekara 12. Ciwon ya fara daga cibiya, ya gangara ƙasa ta dama, ga zazzaɓi da amai. Muka ce taifod. Kwana uku muna ɗura masa magani. Afendis ce, wato 'yar wutsiyar hanji da ta kumbura, kuma kafin mu kai shi asibiti ta fashe. Har yau in na ga tabon tiyatar sai in kau da kai.

Mai shago, Tudun Wada:
Gaskiya ku faɗi ɗayan ɓangaren ma. Ba don son kemis muke zuwa ba. Ka rufe shago tun asuba, ka bi layin kati, a rubuto maka gwaji huɗu. Talaka ya yi yaya?

Ma'aikaciyar jinya, Barnawa:
Alhaji, maganarka na kan hanya, amma lissafa abin da Ɗan Rigasa ya zuba a kemis shekara biyu. Yawancin gyambon ciki daga abu biyu yake: ƙwayar cutar H. pylori, ko magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen, diclofenac da asfirin. Ba yunwa ba ce tushensa kamar yadda muke cewa. Likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar, har Marshall ya shanye ta don a yarda da shi, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ana gano ta a gwajin bayan gida ko na numfashi, maganinta kuma bai cika wuce mako biyu ba. Sai dai omeprazole na ɓoye ta a gwajin, don haka ku gaya wa likita in kuna sha. Abin da ya fi tsorata ni shi ne dattijo mai hawan jini ko ciwon suga ya ce ƙwannafi ne ke damunsa, yana gumi, hannun hagu na masa nauyi. Wannan zuciya muke fara dubawa.

Mai shago, Tudun Wada:
Malama, ƙwannafin nan da gumi da kika ce, mahaifina ne ke fama da shi tun shekaranjiya. Da safe zan kai shi ko yanzu?

Ma'aikaciyar jinya, Barnawa:
Yanzu, Alhaji. Kada ka bari ya taka da ƙafa, nemo mota.