Neman shawara: zanen graf ɗina a Matplotlib ya ƙi fitowa daidai

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina amfani da Python da NumPy (na lissafi) da Matplotlib (na zana graf), kuma matsala uku ce ta tsaye mini. Ta farko, na zana exp(-a*x)*sin(8*x) daga 0 zuwa 10 da np.linspace(0, 10), amma layin ya fito da kusurwoyi kamar haƙoran zarto, ba ya lanƙwasa. Ta biyu, tan(x) daga -2π zuwa 2π yana fitowa da wasu layuka a tsaye waɗanda babu su a littafi, sauran zanen kuma ya kwanta a tsakiya. Ta uku, layuka uku nake so a graf ɗaya, a = 0.1 da 0.2 da 0.5, kuma baƙi da fari za a buga takardar, ba a gane wanne ne wanne. Wani lokaci ma in na ajiye hoton sai in tarar da shi fari fat. A taimaka don Allah.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malama. Matsalarki ta farko da ta biyu tushensu ɗaya. Umarnin plot bai san fankshin ba, ɗigogi kawai ya sani. Duk ɗigon da kika ba shi zai haɗa shi da na kusa da shi da miƙaƙƙen layi, shi ke nan aikinsa.

In ba ki faɗa wa np.linspace adadi ba, wato umarnin da ke jera ɗigogi a tazara ɗaya, ɗigo 50 yake bayarwa. To ki lissafa: sin(8x) yana cika zagaye ɗaya a tazarar 2π/8, wato wajen 0.785. Daga 0 zuwa 10 zagaye kusan 13 ke nan. Ɗigo 50 a zagaye 13, kowane zagaye ya samu ɗigo huɗu kacal. Ina za a ga lanƙwasa a nan? Ki rubuta np.linspace(0, 10, 1000), kowane zagaye zai samu ɗigo kusan 79. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne ɗigo 30 zuwa 50 ga kowane zagaye na ɓangaren da ya fi saurin kaɗawa.

Ki ma gode wa Allah da naki ya fito da muni har kika lura. Da sin(30*x) kika zana da ɗigo 50 ɗin nan, tazarar ɗigo da ɗigo 0.204 ce, kusan daidai da tsawon zagayen da yake 0.209. Sai graf ya fito sumul, igiya mai tafiya a hankali wadda zagayenta ya kai wajen 8, alhali ƙarya ce tsagwaronta. Gwajin da ke tona wannan asiri mai sauƙi ne: ki ninka yawan ɗigogin sau biyu ki sake zanawa. In siffar ta canza, na farkon bai isa ba.

Amsa ta biyu:
Ƙari a kan bayanin Malam, amma ki sani a wajen tan ƙara ɗigo kaɗai ƙara ɓata zanen zai yi. Wuri huɗu ne tan ba shi da ƙima a tazararki: ±π/2 da ±3π/2. Ɗigon da ke gab da wurin ta hagu yana can sama, na dama yana can ƙasa, plot kuwa sai ya haɗa su. Wannan ne layin tsayen da kike gani. Da ɗigo 1000 ƙimar za ta kai ɗaruruwa, manhajar ta buɗe ma'aunin y don ta ɗauke su, sai duk abin da ke tsakanin -5 da 5 ya zama kamar a kwance. In ɗigo ya faɗa kan π/2 kuwa, np.tan(np.pi/2) yana ba da wajen 1.6 × 10^16, domin π ɗin kwamfuta ba cikakke ba ne.

Maganin shi ne ki tsinke layin. Matplotlib ba ya haɗa layi ta kan NaN, wato alamar da ke nufin babu lamba a wurin:

x = np.linspace(-2*np.pi, 2*np.pi, 1000)
y = np.tan(x)
y[np.abs(y) > 10] = np.nan
fig, ax = plt.subplots()
ax.plot(x, y)
ax.set_ylim(-5, 5)

Ki lura iyakar yankan 10 ce, iyakar gani kuma 5. Da gangan ne. In kika daidaita su, layin zai tsaya kafin ya taɓa bakin graf, ya bar giɓi. Kuma set_ylim shi kaɗai ba ya cire layukan tsaye, gutsure su kawai yake yi. In kina son nuna wuraren huɗu, ki zana su da kanki da ax.axvline cikin launin toka mai ɗige-ɗige, don kada a ɗauka wani ɓangare ne na tan.

Amsa ta uku:
Batun bugawa. Launukan da Matplotlib ke zaɓa da kansa su ne shuɗi, ruwan lemo, kore, sai ja. A allo suna da kyau, a takarda baƙi da fari duk toka-toka suke komawa. Ja da kore kuma ko a allon ma akwai masu matsalar gani da ba sa bambance su. Don haka kada launi ya zama shi kaɗai ne bambancin.

Salon layi huɗu ne a shirye: '-' cikakke, '--' mai tsinke-tsinke, ':' mai ɗige-ɗige, '-.' mai tsinke da ɗigo. Ki ba layin da ya fi muhimmanci cikakke, kauri 2, sauran kuma kauri 1.2. Mai ɗige-ɗigen nan ni ban cika ba da shawararsa a zane mai kaɗawa ba, yana ɓacewa a inda layuka suka gitta juna, sai dai ki ƙara masa kauri. In '--' bai yi miki ba, linestyle=(0, (6, 2)) na nufin tsinke mai tsawon 6 da giɓi 2, kuma tsawon yana ninkuwa da kaurin layin.

In za ki sa alama kamar da'ira ko murabba'i, kada ki manta ɗigo 1000 gare ki yanzu. marker='o' kaɗai zai mai da layin wata ƙatuwar tsutsa. Ki haɗa da markevery=50, alama 20 za ta fito a kowane layi. Amma a ganina, fankshin da aka lissafa a bar shi layi zalla, alamomi a bar wa bayanan da aka auna a gwaji. Mai karatu da ya ga da'ira zai zaci awo ne.

Kowane plot ki ba shi label, sannan ki kira ax.legend(), in ba haka ba akwatin bayanin ba zai fito ba.

Amsa ta huɗu:
Hoton da ke fitowa fari, ki duba jerin umarninki. In plt.savefig ya zo bayan plt.show(), to lokacin da kika rufe tagar an riga an watsar da zanen, sabon fanko yake ajiye miki. Ki sa savefig kafin show, ko ki fara da fig, ax = plt.subplots() ki ajiye da fig.savefig. A Jupyter ma haka ne in kika sa plt.savefig a wani akwati daban.

Sai girma, wanda mutane ke sakaci da shi. Asalin girman zane inci 6.4 da 4.8 ne, rubutu maki 10, layi 1.5. In kika matse shi ya shiga fili mai faɗin inci 3.5, komai ya ragu kusan rabi: rubutu ya koma 5.5, layi 0.8, tsinke-tsinken ya haɗe. Ki zana shi a girman da za a buga tun farko, figsize=(3.5, 2.6), rubutu maki 8 ko 9. Ki ajiye a PDF ko SVG, layin ba ya dushewa ko an ƙara girma. In dole sai PNG, ki sa dpi=300. Kada JPEG, yana barin dabbare-dabbare a gefen layi. bbox_inches='tight' yana hana yanke sunan layin x da y, amma yana ɗan canza girman hoton, in ana son faɗin daidai gara constrained_layout=True.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri, duk sun gyaru. Saura ɗaya: abokin aikina MATLAB yake amfani da shi, wata manhajar lissafi daban, ya kwafi lissafin sai ya ba shi kuskure a exp(-a*x)*sin(8*x).

Amsa ta biyu:
Amin. A MATLAB da Octave alamar * ninkin matiris ce. Ya sa ɗigo a gabanta: exp(-a*x).*sin(8*x), haka ma ./ da .^ in an zo rabawa ko ɗagawa. A can linspace ɗigo 100 yake bayarwa in ba a faɗa ba, shi ma bai isa zagaye 13 ba. Kaurin layi kuma 0.5 ne, ya ƙara 'LineWidth', 1.5. Ya sa hold on kafin layi na biyu, in ba haka ba sabon zai shafe tsohon. Dabarar NaN tana aiki a can ma. Ko kuma ya yi amfani da fplot, wanda ke zaɓar ɗigogi da kansa, yana ƙara su a inda layin ya fi lanƙwasa.