Wai da gaske Tuvalu da Maldives za su nutse, ko dai kururuwa ce?

Kawu: Assalamu alaikum jama'a. Duk lokacin da aka yi taron sauyin yanayi sai a fito mana da cewa ƙasashen tsibirai irin su Maldives da ke tekun Indiya, da Tuvalu da Kiribati da ke tekun Pasifik, sun kusa ɓacewa daga taswira. Tun 1987 shugaban Maldives na lokacin, Maumoon Abdul Gayoom, ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya yana wannan kukan. A 2009 wanda ya gaje shi, Mohamed Nasheed, ya kwashi ministocinsa suka sa kayan nutso suka yi zaman majalisa a ƙarƙashin teku, 'yan jarida na ɗauka. Yau an doshi shekara arba'in, Maldives tana nan daram, otal-otal sai ƙaruwa suke yi, har sababbin filayen jirgin sama ake ginawa. Wa zai zuba dukiyarsa a ƙasar da ya san gobe za ta nutse? Ni a ganina kururuwa ce ta neman tallafi. Mai hujja ya kawo.

Auta: Kawu ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ni ma na ga hoton ministan Tuvalu ɗin nan sanye da kwat yana jawabi a tsaye cikin ruwa har gwiwa, na ce wannan ai wasan kwaikwayo ne.

Malama: Wa alaikumus salam Kawu. Auta, Simon Kofe ke nan, ministan harkokin wajen Tuvalu a 2021, kuma shi kansa bai ɓoye cewa don jawo hankali ya yi ba. Amma mu bar hoto mu koma kan ma'auni. Rahoton IPCC, kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2021 ya nuna teku ta ɗago da kusan santimita 20 daga 1901 zuwa 2018. Abin lura shi ne gudun. Daga 1901 zuwa 1971 milimita 1.3 take ƙaruwa a shekara. Daga 2006 zuwa 2018 ya koma milimita 3.7. Dalili biyu ne manya: ruwa in ya ɗumama yakan kumbura, sannan ƙanƙarar da ke kan tudu, ta Girinlan da Antatika da ta kan tsaunuka, tana narkewa tana gangarowa. Zuwa 2100, in an rage hayaƙi sosai, ana hasashen ƙarin santimita 28 zuwa 55. In aka ci gaba da ƙona gawayin kwal da mai ba ƙaƙƙautawa, santimita 63 zuwa mita guda da ɗoriya. Maldives kuwa gaba ɗayanta tudunta bai wuce mita ɗaya da rabi ba in aka daidaita.

Kawu: Malama, santimita 20 fa kika ce. Taƙi guda ke nan, a shekara fiye da ɗari. To ga tawa hujjar, kuma ba daga bakin 'yan siyasa ba. A 2018 masana a Jami'ar Auckland, ƙarƙashin Paul Kench, sun duba hotunan sama na tsibiran Tuvalu guda 101 daga 1971 zuwa 2014. Me suka gano? Faɗin ƙasar ƙaruwa ya yi da kashi 2.9 cikin ɗari. Kusan uku cikin kowane tsibiri huɗu girma suka yi, alhali tekun wurin ta fi ta sauran duniya saurin ɗagowa. Ƙasar da ke nutsewa ce take ƙara faɗi? Gani ya kori ji.

Injiniya: Ranka ya daɗe, binciken nan gaskiya ne, duk wanda ya musanta shi bai yi adalci ba. Sai dai a tambaya, ta yaya tsibirin yake girma? Waɗannan tsibirai ba dutse ba ne da ya tsiro daga ƙarƙashin teku. Tarin yashi ne da tsakuwar murjani (wani irin dutse da ƙananan halittun teku suke ginawa) da igiyar ruwa ta jibge a kan kafaɗar murjani. In guguwa ta taso, ruwa yakan tsallake gaɓa ya ratsa tsibirin, ya bar sabon yashi a kansa. Da haka yake ƙara tudu, da haka yake gusawa gefe. Wato abin da yake raya tsibirin shi ne ambaliyar da take bi ta cikin ɗakin mutum. Tsibirin da ba kowa sai tsuntsaye ba ruwansa, ya gusa abinsa. Amma Funafuti, babban birnin Tuvalu, akwai asibiti, akwai titin saukar jirgi, akwai maƙabarta. Waɗannan ba sa gusawa.

Kuma ni ban ma damu da ranar da ruwa zai rufe saman ƙasar ba, don kafin nan an daɗe da tashi. Ruwan sha ne matsalar. Babu kogi ko ɗaya a irin waɗannan tsibirai. Ruwan sama ne yake tsuma cikin yashi ya kwanta a kan ruwan gishiri, saboda ya fi shi rashin nauyi, daga nan ake haƙa rijiya. Igiya ɗaya mai ƙarfi in ta tsallako, sai rijiyar ta yi gishiri, kuma takan ɗauki watanni, wani lokacin fiye da shekara, kafin ta dawo. In tsallakowar ta zama ta kowace shekara, yaushe za ta dawo? A shekarar 2018 ɗin dai hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fitar da nata nazarin, wanda aka yi a Roi-Namur da ke Tsibiran Marshall, ta ce yawancin irin waɗannan tsibirai za su iya gagarar zama wajen tsakiyar ƙarnin nan saboda wannan dalilin. Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta biya kuɗin aikin, don tana da sansani a wurin. Kawu, su ma tallafin suke nema?

Kawu: Ɗana, kar ka haɗa ni da sojan Amurka. To Holan fa? Kusan rubu'in ƙasar ƙasa yake da teku, shekara ɗaruruwa suna zaune. Su gina katanga mana.

Injiniya: Holan laka ce da yumɓu a ƙarƙashinta, ka tare ruwa ya taru. Ƙasan tsibirin murjani kamar rariya yake. A Funafuti in teku ta yi cikarta mafi girma, wajen watan Fabrairu da Maris, rana na ƙwallewa, ba hadari ba iska, sai ka ga ruwan gishiri yana ɓuɓɓugowa daga ƙasa a tsakiyar tsibirin, a gefen titin jirgi. Ramukan da suke noman pulaka, wani dangin gwaza da suke haƙa wa rami har su tarar da danshi, su ne ke fara ƙonewa da gishiri. Wace katanga ce za ta tare ruwan da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙafarka? Abin da yake aiki shi ne a ɗaga ƙasar dungurungum. Maldives ta yi: tun 1997 ta fara cike teku da yashi ta gina tsibirin Hulhumalé kusa da Malé, babban birninta, tudunsa kusan mita 2. Tuvalu ma ta cike kimanin hekta 7 a Funafuti da kuɗin asusun duniya na tallafin sauyin yanayi. Amma Maldives tana da kuɗin masu yawon buɗe ido. Tuvalu mutum kusan 11,000 ne a kan murabba'in kilomita 26. Sannan yasar yashin tana kashe murjanin da yake karya ƙarfin igiya, ga ɗumamar ruwa na kashe shi ta ɗaya gefen.

Batun masu otal kuwa, su lissafin shekara ashirin ko talatin suke yi, su mai da uwar kuɗi su ci riba. Ba su yi alkawarin jikokinsu za su zauna a can ba.

Auta: Malama tambaya. In ƙanƙara ta narke a cikin kofi ai ruwan ba ya zuba. Me ya sa ta teku za ta bambanta?

Malama: Wadda take yawo a kan teku, kamar ta tekun Atik da ke can ƙarshen arewacin duniya, kusan haka take. Ta kan tudu ake magana, wadda da can ba ta cikin kofin.

Hajiya: Ni fa a wani gefen ina bayan Kawu, ko da yake ba don dalilinsa ba. Wannan kalma ta "ƙasa mai nutsewa" ta cuci mutanen nan. Wa zai ba ka rancen gina tashar jirgin ruwa bayan duniya ta gama yi maka jana'iza? Kuma su kansu ba bakinsu ɗaya ba. Anote Tong, lokacin yana shugaban Kiribati, ya sayi fili kimanin murabba'in kilomita 20 a tsibirin Vanua Levu na Fiji a 2014, yana cewa in ƙaura ta zama dole a yi ta da mutunci. Taneti Maamau da ya hau a 2016 ya juya akalar, ya ce zama daram, a gina ƙasa. Sannan ba duk ɓarnar ba ce ta sauyin yanayi. Fiye da rabin mutanen Kiribati a Tarawa ta Kudu, babban birnin ƙasar, suke cunkushe, ana ɗibar yashin gaɓa ana gini, shara da bayan gida suna gurɓata ruwan ƙasa. Wanda ya ɗora komai a kan teku ya ba hukuma mafaka.

Kawu: Yauwa Hajiya. Allah ya yi miki albarka.

Hajiya: Amin Kawu, amma kar ka yi saurin sa mini albarka. Wanda ya ce tekun ba ta da laifi shi ma ya ba masu hayaƙin mafaka, kuma tasu mafakar ta fi faɗi. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, a nan kuwa wanda bai ja ba ne yake jiƙewa. Duk hayaƙin ƙasashen Pasifik ɗin nan in ka tara bai kai a kira shi komai ba.

Barista: Ku ba ni dama in shigo da ɓangarenmu, don a nan ake ainihin kokawar, ba a bakin gaɓa ba. Yarjejeniyar Montevideo ta 1933 ta ce ƙasa tana buƙatar abu huɗu: jama'a mazauna, yanki sananne, gwamnati, da ikon hulɗa da wasu ƙasashe. To in yankin ya gagari zama fa? Ba tambayar aji ba ce, dukiya ce a ciki. Dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa ikon arzikin ruwa har mil 200 daga gaɓarta. Kiribati tudunta murabba'in kilomita 811 ne kacal, amma ruwanta ya haura murabba'in kilomita miliyan 3, kuma lasisin kamun kifin tuna shi ne ƙashin bayan kasafinta. Dokar nan kuma ta ce dutsen da ba ya iya riƙe mazauna ba shi da wannan mil 200, haka tsibirin da aka gina da hannu. Kun ga tarkon? Shi ya sa a 2021 ƙungiyar ƙasashen Pasifik ta ayyana cewa iyakokin ruwansu ba za su ja baya ba ko gaɓa ta ja. A 2023 Tuvalu ta sa a tsarin mulkinta cewa ita ƙasa ce har abada, ko me ya sami tudunta. Sai kuma ranar 23 ga Yulin 2025, Kotun Duniya da ke Heg, a shari'ar da Vanuatu ta jagoranci kaiwa, ta ce ƙasar da ta riga ta kafu ba lallai ta rasa matsayinta ba don ɗaya daga cikin ginshiƙanta ya ɓace. Shawara ce kotun ta bayar, ba hukuncin da ake tilastawa ba, kuma ku lura da "ba lallai ba" ɗin nan, lauyoyi za su daɗe suna cin abinci a kansa.

Kawu: To ai kin ƙarfafa ni. Ashe rigimar ta kifi ce.

Barista: Kawu, mutumin da ya tabbata gidansa ba ya motsi ba ya zuwa kotu neman takardar cewa gidan nasa ne ko ya rushe.

Malama: Ga kuma ƙafafun mutane. A Nuwamban 2023 Tuvalu da Ostireliya suka sa hannu kan yarjejeniyar Falepili, wadda ta ba 'yan Tuvalu 280 damar komawa Ostireliya da zama kowace shekara. Da aka buɗe rajistar ƙuri'ar farko a 2025, cikin 'yan kwanaki waɗanda sunansu ya shiga sun haura kashi ɗaya cikin uku na jama'ar ƙasar.

Kawu: Wannan kam ban karɓa ba. Ki buɗe ƙofar Ostireliya ga kowace matalauciyar ƙasa, ko a kan tsauni take, ki ga layi. Albashi da asibiti da makaranta suka ja su.

Barista: A nan gaskiyarka Kawu, rajistar biza ba ma'aunin teku ba ce. Ni abin da ya tsaya mini a yarjejeniyar daban ne. Akwai sashen da ya ce Tuvalu sai ta daidaita da Ostireliya kafin ta ƙulla hulɗar tsaro da wata ƙasa, kowa kuma ya san China ake nufi. Ostireliya tana cikin manyan masu sayar da kwal a duniya. Ta ba da biza, ta sami bakin magana a kan tsaron maƙwabciyarta, kwal ɗin kuma ana ci gaba da lodawa.

Injiniya: Ku yi lissafin kuma. Mutum 280 a shekara daga cikin 11,000, shekara arba'in ƙasar ta zama kango in ba a komawa. Kuma masu fara samun gindin zama a waje su ne ma'aikatan jinya da malamai da masu gyaran injin wuta. Asibitin da ba nas ya rufe ko ruwa bai taɓa ƙofarsa ba.

Kawu: Na ji batun rijiya, wannan ya shige ni. Abin da har yanzu ban yarda da shi ba shi ne "ɓacewa". Mutanen tsibirin Banaba na Kiribati ai an kwashe su zuwa tsibirin Rabi a Fiji tun 1945, bayan Turawan Ingila sun rarake tsibirinsu da haƙar fosfat, ma'adinin da ake takin zamani da shi. Suna nan da harshensu. Na ma ji har wakili suke da shi a majalisar Kiribati.

Hajiya: Haka ne, suna da kujera ɗaya a majalisar, su kuma 'yan ƙasar Fiji ne. Amma mutum kimanin dubu aka kwashe, kuma akwai Kiribati a bayansu da ta ware musu kujerar, da majalisarta da tutarta a Tarawa. Yanzu ana maganar Kiribati ɗin ce da kanta, da mutum fiye da dubu ɗari. Filin da Tong ya saya yana ƙarƙashin dokar Fiji, ba za su kafa majalisa a kai ba sai Fiji ta yarda ta yanke wani yanki na ikonta. Barista, akwai ƙasar da ta taɓa yi wa wata wannan tayin?

Barista: Fiji ta taɓa cewa za ta karɓi mutanen in ta kama. Mutanen ta ce, Hajiya, ba gwamnatinsu ba.